Yunwar wani ba abin "Allah ya ƙara" ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da neman abinci ya kawo Amurka.

Tun lokacin da gwamnatin Amurka ke rufe saboda rikicin kasafi a 2025 maganar nan take cina, na danne don kada a ce kamfen nake yi wa wata jam'iyya. Tunda waccan rufewar ta wuce, ku yi haƙuri ku saurare ni.

Ranar da labari ya bazu cewa kuɗin watan Nuwamba na katin tallafin abinci da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi ba zai shigo ba, wani dattijo da nake ganin girmansa ya turo saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp. Ya ce: "Allah ya ƙara! Akata su tashi su nemi aiki, mu da jaka ɗaya muka zo ƙasar nan." Akata fa shi ne sunan raini da ake kiran baƙar fatar Amurka da shi. Ba a jima ba wani matashi ya mayar masa: "A'a Baba, turawan ƙauye da suka zaɓi Trump ne za su ji a jikinsu. Su suka zaɓa, Allah ya ƙara musu." Sai 'yan hotunan dariya suka yi ta zubowa. Ana ganin gardama suke yi, ɗaya na Republican ɗaya na Democrat. Ni kuwa bakinsu ɗaya na gani. Kowannensu ya sami mutanen da yunwarsu ke yi masa daɗi, kuma kowannensu da launin fata ya zaɓe su.

Subhanallah. Da sunan Allah fa muke yin wannan. Mu kira sunan Mai rahama, mu roƙe Shi ya ƙara wa yaro yunwa.

Ku tuna abin da ya faru. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43, gwamnatin tarayya ba ta da kasafi, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin. A Majalisar Dattawa sai da ƙuri'a 60 ake wuce da irin wannan ƙudiri, Republican kuwa kujeru 53 gare su a lokacin. Democrat suka ce ba za su ba da ƙuri'arsu ba sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya da zai ƙare a ƙarshen shekara. Republican suka ce a buɗe gwamnati tukuna, sannan a yi magana. Aka yi ta kaɗa ƙuri'a tana faɗuwa, sau goma sha wani abu, kowa na fitowa talabijin yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Duk tsawon kwanakin nan doka ba ta tsayar da albashin sanata ba. Wanda aka tsayar wa shi ne mai binciken kaya a filin jirgi, da mai lura da zirga-zirgar jirage a sama, suna zuwa aiki ba biya, har sai da aka rage tashin jirage a manyan filaye 40. Sai kuma mutum wajen miliyan 42 da ke cin abinci da katin da suke kira SNAP, waɗanda aka yi ta wasa da tukunyarsu tsakanin fadar White House da kotuna: yau alƙali ya ce a biya duka, gobe a ɗaukaka ƙara a dakatar.

Wa ke cikin miliyan 42 ɗin nan, Alhaji? Wajen biyu cikin biyar yara ne. Akwai tsofaffi, akwai naƙasassu, akwai masu aiki cikakke da albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Abin da mutum ɗaya ke samu, a matsakaici, bai wuce dala 6 da 'yan kai a rana ba, kai ka san abin da dala 6 ke saya a unguwar Bronx ta New York. Kuma a ƙididdigar ma'aikatar noma da ke rabon, fararen fata sun fi baƙaƙe yawa a cikin masu karɓa. Sannan, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, gidajenmu nawa ne katin nan ke riƙe da su? Matanmu nawa ke shiga shagon Afirka da shi su sayo shinkafa da manja? Wanda ya yi dariyar nan, wataƙila matar ƙaninsa ta kwana tana lissafin abin da ya rage a firij, kunya ta hana ta faɗa.

Hoton nan na "baƙin mutum malalaci mai cin kuɗin gwamnati" ba mu muka zana shi ba, tarar da shi muka yi. Tun 1976 Ronald Reagan ke yawon kamfen da labarin wata mata a Chicago mai damfarar kuɗin tallafi, har labarin mace ɗaya ya zama tambarin da ake buga wa al'umma guda. 'Yan siyasa sun gane cewa in ka sa talaka fari ya ɗauka baƙi ne ke cinye harajinsa, da hannunsa zai zaɓi a yanke tallafin da shi ma yake ci. An shekara hamsin ana cin kasuwa da wannan. Mu kuma muka sauka daga jirgi, ko Turanci bai zauna a bakinmu ba, muka haddace karatun muka fi malaman iyawa.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo, wallahi. Kai da ke raina baƙar fatar ƙasar nan, ka san ta ƙofar da ka shigo? Kafin 1965 dokar shige da fice ta Amurka rabon ƙasa-ƙasa take yi, kaso mai tsoka na Turawan arewacin Turai ne, ɗan Afirka sai ɗan abin da ba a rasa ba. Guguwar neman 'yancin baƙaƙe ce ta kawo dokar 'yancin jama'a a 1964, da dokar 'yancin zaɓe a 1965, a cikin wannan iskar kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice a Oktoban 1965. A Maris na shekarar, a kan gadar Selma ta jihar Alabama, 'yan sanda suka fasa wa ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe John Lewis ƙoƙon kai saboda yana neman baƙi ya yi zaɓe. Kakar yaron nan da kake kira akata, wataƙila an sakar mata karnuka, an watsa mata ruwan kashe gobara, don baƙin mutum ya zauna a kujerar gaba a bas. Kai ka zo ka tarar da kujerar, ka zauna, kana harararta.

Kuma jininmu ne. A cikin waɗanda aka kwaso a jiragen bayi akwai Musulmi masu karatu, irin su Umar ɗan Sa'id mutumin Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina. Akwai ma ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id da aka sani da Nicholas Said, wanda shi ba a jirgin bayi ya zo Amurka ba, da 'yancinsa ya zo, ya shiga rundunar baƙaƙe ta Massachusetts a 1863 lokacin yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta. Da a ce kakanka ne aka kama a hanyar gona, da yau kai ake kira da sunan nan.

Ko kana zaton ɗan sanda na bambance ku? A 4 ga Fabrairu 1999, a nan Bronx, Amadou Diallo ɗan Gini, Bafulatani Musulmi mai talla a titi, yana ƙofar gidansu aka harba masa harsashi 41, 19 suka same shi. Walat ce a hannunsa. Babu wanda ya tambaye shi ko shi ɗan Afirka ne mai ƙwazo. Su wa suka cika titi suna zanga-zanga dominsa, ana kama su ana zubawa a mota? Mafi yawansu mutanen nan ne da muke cewa ba su da tarbiyya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba tafi ake yi ba.

Kai kuma ƙanena mai "su suka zaɓa", kada ka ji daɗi, ban manta da kai ba. Jihar West Virginia ta ba Trump kusan kashi 70 cikin 100 a 2024, tana kuma cikin jihohin da suka fi dogaro da katin abinci. Garuruwa ne da aka rufe ramukan kwal, aiki ya tafi, ƙwayoyi suka shigo suka cinye matasa, kakanni ke riƙon jikoki. Jaririyar da ke gidan nan wa ta zaɓa? Eh, na san abin da ke ranka. Na san gwamnatin Trump ta sa Chadi a jerin hana shigowa a 2017, ta sa Najeriya a 2020, na san shekarun da aka yi ana cewa Obama ba a nan aka haife shi ba har sai da ya fito da takardar haihuwa a 2011. Ka ƙi wannan, ka yi magana, ka yi zaɓe in kana da takarda. Amma Allah ya riga ya gaya mana kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Ranar da ka ji daɗin yunwar yaro don fatarsa fara ce, me ya rage tsakaninka da wanda kake zagi?

Ku tuna Sumama ɗan Usal, shugaban Yamama. Da ya musulunta ya rantse ƙwayar alkama ɗaya ba za ta ƙara isa Makka ba sai Manzon Allah (SAW) ya yi izini. Ƙuraishawa fa, waɗanda suka kore shi daga garinsu, suka kashe sahabbansa, waɗanda su da kansu suka taɓa tsare shi da danginsa har aka ci ganye. Da yunwa ta kama su suka aiko suna roƙo da zumunci, sai Manzon Allah (SAW) ya aika wa Sumama ya sakar musu abinci. Makamin yunwa na hannunsa, ya ajiye. Mu ko makamin ba mu da shi, na wasu ne, amma muna gefe muna guɗa.

Abu Zarri, da duk girmansa, ya gori wani mutum da uwarsa, aka ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Kalma ɗaya ce fa. Mu tamu a rana nawa ce? A tasi, in fasinja baƙi ya tsayar da mu sai mu wuce, mu tsaya wa na gaba. A shagon kitso a Harlem, Hajiya tana kan kan yarinya, kuɗinta za ta karɓa, tana zaginta da Hausa tana murmushi. 'Ya'yanmu na ji. Su kuma a makaranta ba a kiransu Hausawa ko 'yan Zango, baƙaƙe ake kiransu. Kina koya wa ɗanki ƙyamar fuskar da zai gani a madubi, Hajiya. Ki ji tsoron Allah.

Ku da ke gida ma ina ganin rubuce-rubucenku a Facebook, mutum yana Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya zama ɗan a-mutun jam'iyyar da ba ta san da zamansa ba, yana murna Amurka ta rikice. Wanda ya kwana da yunwa a rikicin ba shi ne ya jefa bam a ko'ina ba.

Ban ce kowa ya bar ra'ayinsa ba. Wani yana tare da Republican saboda maganar iyali da tarbiyyar yara, wani yana tare da Democrat saboda takardu da asibiti, kowa da hujjarsa, sai mu yi ta muhawara har asuba. Harshen nan kawai nake roƙo a kama. Yarjejeniyar da suka yi a Nuwamban 2025 ta buɗe yawancin gwamnati zuwa 30 ga Janairun 2026 ce, ba su warware ainihin rigimar ba. Sun yi kwana 16 a 2013, sun yi 35 daga ƙarshen 2018 a kan kuɗin katangar iyakar Mexico, za su iya sake yi.

Don Allah, in sun sake, kada a ji "Allah ya ƙara" daga bakin mai sallah. Don Allah. Shugabannin masallatanmu, in za a yi rabon abinci a fito da teburin bakin titi, kada a tambayi kowa addininsa balle wanda ya zaɓa. Kai kuma Alhaji, tsohuwar nan da ke ƙofa ɗaya da kai a bene, wadda ka shekara kana wucewa ba gaisuwa, ka ƙwanƙwasa mata yau ka ji ko ta ci abinci.