Wa ya sayar da makonnin jiran Kirsimeti?

Nuwamba ba ta ƙare ba lasifikokin kasuwar Makola da unguwar Osu suka fara kiɗan Bronya, wato Kirsimeti a bakin mutanen Ghana, allunan tallan casu suka cika titunan Accra. Tun 2019, da gwamnati ta gayyato 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare su dawo gida, Disamba ta zama kakar masu otal da mawaƙa. Su ban ga laifinsu ba, kasuwarsu suke ci. Abin da ke ba ni haushi shi ne coci-coci sun bi sahu.

A kalandar Katolika da Angilika da Metodis, Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba lokaci ne na jira da tuba, wanda ake kira Adbent. Yana farawa ne a Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, kuma da shi sabuwar shekarar coci ke kamawa. Fada, wato limamin coci, yana sa tufafi masu launin shunayya, launin tuba, irin na azumin kafin Ista. Kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya har su cika huɗu, al'adar da ta samo asali daga wani fasto a Hamburg ta Jamus, Johann Wichern, wanda ya ƙirƙiro ta a 1839 domin yaran talakawa da yake reno. Tun ƙarni na 5 Kiristocin Tours a Faransa ke fara azumi daga 11 ga Nuwamba. Har gobe 'yan Orthodox na Habasha suna haƙura da nama sama da kwana 40 kafin bikinsu na 7 ga Janairu.

Mu fa? Makon farko taron tara kuɗi, na biyu daren waƙoƙi da fitilu, na uku rigimar ɗinkin anko. Daga nan hankali ya koma daren 31 ga Disamba, inda fastoci ke gasar alluna da alkawarin arziki. Wanda ya kamata a saurara a waɗannan makonni shi ne Yahaya Mai Baftisma, kuma wa'azinsa ba mai daɗin ji ba ne. Ya ce mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka ƙayyade, soja ya daina ƙwace ya tsaya kan albashinsa. A ƙasar da direban trotro, ƙaramar motar haya, ya san kuɗin kowane shingen 'yan sanda, wannan ne wa'azin da aka ga ya dace a rufe da ganguna?

Masu cewa matasa ba za su zo ba sai da kiɗa, su leƙa unguwannin Nima ko Sabon Zongo na Accra a goman ƙarshe na Ramadan. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa cin tuwon Sallah ana tsakiyar azumi, kuma masallatansu a cike suke da samari har tsakar dare.

Murna tana da nata lokacin, kwana 12 daga 25 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, sai dai kafin a kai nan aljihu ya bushe, kowa ya gaji. Bishop-bishop su tsawatar, a ɗage daren waƙoƙi da tara kuɗi zuwa bayan 24 ga wata. Fadan da ke tsoron kwandon baiko zai yi sauƙi, ya fito ya gaya wa jama'arsa haka da bakinsa.