Malam mai kofi, ɗauko rariya

Sau huɗu ke nan yau ana turo mini bidiyon mutumin nan mai kofi. Kun dai gan shi. Ya zuba ruwa, ya jefa ƙanƙara, ya ja layi da biro a jikin kofin, ya zauna yana jira. Ƙanƙara ta narke, ruwa bai wuce layi ba, sai ya kalli kyamara yana murmushi, wai ya tona asirin masu cewa teku na cikowa saboda ɗumamar duniya na narkar da ƙanƙara. Sannu da ƙoƙari, farfesa. Shekara da shekaru ana aune-aune da tauraron ɗan'adam, ashe kofi ɗaya ake jira.

Abin da ya fi ba ni haushi, har masu digiri na gani suna turawa suna cewa gani ya kori ji.

To ku saurara. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa ta riga ta ci wurinta a cikin ruwan, in ta narke kusan babu abin da zai ƙaru. Babu masanin da ya taɓa musun wannan. Wadda ake kuka da ita a kan ƙasa take zaune. A kan ƙasa, jama'a! Ta tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya a wasu wurare kaurinta ya kai kilomita 3, kuma da za ta narke duka sai teku ya ɗaga da kusan mita 7. Ta nahiyar Antaktika da ke can ƙarshen kudancin duniya kuwa, da za ta narke sai ya ɗaga da kusan mita 58. A shekarar 2019 kaɗai Girinlan ta yi asarar ƙanƙara fiye da tan biliyan 500, duk ta gangara teku. Malam mai kofi, ɗauko rariya ka ɗora a bakin kofin, ka sa ƙanƙarar a kanta, ka sake ja mana layin. Muna jira.

Wani ya ce mini ai dama duniya ta sha yin zafi da sanyi. Na ji, an gode. Wani kuma wai bana an yi sanyi sosai a wajensu. Allah Ya ba ka bargo.

Ita ma ƙanƙara mai yawon a kan ruwa ba banza take ba. Fara ce, tana mayar da hasken rana sama. Da ta narke sai ruwa mai duhu ya bayyana ya shanye zafin, zafin ya ƙara narkar da wata. Yana cikin dalilan da suka sa tun 1979 yankin Aktik da ke can ƙarshen arewacin duniya ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Kuma ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi, ko da ba a ƙara masa ɗigo ba. Wannan ma kofin bai nuna ba.

Wallahi ba don in yi wa kowa gori nake wannan dogon rubutu ba. Abin tsoro yake ba ni. A watan Yunin 2020 an auna zafi digiri 38 a garin Bakoyansk na yankin Saibiriya a Rasha, garin da sanyinsa ya yi suna a duniya. A Agustan 2021 aka yi ruwan sama a ƙololuwar ƙanƙarar Girinlan, sama da mita 3,000, inda tun da aka fara ajiye bayanai ba a taɓa ganin ruwa ya sauka ba. Teku ya ɗaga da kusan santimita 20 tun 1900, kuma masu gidaje a baki-bakinsa ba layin biro suke kallo ba.

Af, kun san akwai rumbun ajiyar irin shuka na duniya a tsibirin Sibalbad na Norwe? A 2008 aka buɗe shi, an haƙa shi cikin dutse mai daskararriyar ƙasa don sanyin wurin ya tsare irin ko wuta ta ɗauke. A 2016 zafi ya yi yawa har ruwa ya kwarara cikin mashigarsa. Irin bai jiƙe ba, amma sai da aka sake gina mashigar.