Kafin a kafa shingen karɓar kuɗi a hanyoyinmu, a nuna mana takardar yarjejeniya

Ministocin ayyuka a Najeriya sun sha cewa gwamnati ita kaɗai ba za ta iya gina hanyoyin tarayya ba, dole sai 'yan kasuwa sun shigo da jarinsu. Ban musa wannan magana ba, domin hanyoyin tarayya sun haura kilomita dubu 30, abin da ake warewa ma'aikatar kuwa ko biyan tsofaffin basussukan 'yan kwangila ba ya isa. Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, duk kuɗin da ɗan kasuwa ya zuba a kwalta sai ya dawo masa da riba, kuma daga wuri biyu kawai yake fitowa: aljihun mai bin hanyar, ko baitulmalin gwamnati. Saboda haka mu da za mu biya muna da haƙƙin sanin abin da aka sa wa hannu da sunanmu.

Tun 2005 aka yi dokar jinginar da kayayyakin more rayuwa, wadda ta haifi ICRC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan yarjejeniyoyi, don haka ba yau muka fara gwada tsarin ba. A 2006 gwamnatin Legas ta jinginar da hanyar Lekki zuwa Epe ga kamfanin LCC na tsawon shekara 30. Da aka fara karɓar kuɗi a Disamban 2011, mazauna yankin suka fito zanga-zanga, kuma a 2013 gwamnatin jihar ta yanke shawarar saye yarjejeniyar, wato kuɗin jama'ar da aka ce za a tsimi shi aka koma aka kashe. Ta Legas zuwa Ibadan ta fi wannan ban takaici. An ba kamfanin Bi-Courtney ita a 2009 na shekara 25, aka shafe shekara 3 babu wani aikin a zo a gani, aka soke yarjejeniyar a 2012, sannan aka raba kwangilar tsakanin Julius Berger da RCC.

Babu wanda zai ce ƙarancin motoci ne ya kayar da waɗannan ayyuka, domin da wuya a sami hanyar da ta kai ta Legas zuwa Ibadan cunkoso a faɗin ƙasar. A ganina babbar matsalar tana wajen kuɗin ne. Hanya takan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta mayar da jarin da aka zuba mata, bankunanmu kuwa sun saba da bashin 'yan shekaru ƙalilan, da kuɗin ruwan da yakan haura kashi 20 cikin 100. Idan mai jari ya tsallaka waje ya ciwo bashin dala, to naira zai riƙa karɓa a bakin shinge. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Wa zai ɗauki wannan asarar? Idan yarjejeniya ba ta amsa wannan tambaya tun farko ba, ƙarshenta kotu ne, ko ƙarin kuɗin shinge na ba-zata.

A ƙarshen 2003 ne gwamnatin Obasanjo ta ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi na hanyoyin tarayya, ga shi yanzu sun fara dawowa, domin a 2025 an soma karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurdi ta Keffi da Akwanga da Lafiya. Ni ba na adawa da hakan kai tsaye. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 ya fi kowa sanin tsadar mummunar hanya: tayar da ta fashe a rami, kwanan da ya yi a bayan tirelar da ta faɗi, da kwandunan da suka fara zubar da ruwa kafin a sauke su. Idan hanya ta yi sumul, ya isa cikin lokaci, zai biya ba tare da gardama ba. Amma wannan direban yana biyan 'yan haraji iri-iri a kowace jiha, ga na masu tare hanya da katako mai ƙusoshi. Idan aka ɗora masa sabon shinge ba a kawar da waɗancan ba, mai cefane ne zai biya duka a farashin kwando.

Akwai kuma tsarin da aka shigo da shi a 2019, inda kamfani zai gina hanya a cire masa kuɗin daga harajin da ya kamata ya biya. Ta haka kamfanin iskar gas na NLNG ya ɗauki hanyar Bodo zuwa Bonny, Dangote kuma ya ɗauki ta Apapa zuwa Oworonshoki. An ga aiki, amma a daina kiransa taimako, domin harajin jama'a ne aka kashe tun bai shiga asusu ba. Sannan yawancin kamfanoni hanyar da kayansu suke bi za su zaɓa, wanda hakan ba laifi ba ne a kasuwanci, sai dai yana nufin garuruwan da ba su da manyan masana'antu, irin na Yobe da Zamfara, za su daɗe suna jira.

Mu a Arewa misalin haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa da ya fi kusa da mu shi ne tashoshin sauke kaya na tsandauri. Tun 2006 aka amince da ta Dala a Kano, amma sai a Janairun 2023 aka buɗe ta. Ta Kaduna an buɗe ta a 2018, ta Funtuwa a 2024. Amfanin irin wannan tasha shi ne kwantena ta taso daga bakin teku a jirgin ƙasa, ɗan kasuwar Kwari ko Singa ya biya kwastan a gida ya ɗauki kayansa. To sabon layin dogon da ya taso daga Legas ya tsaya a Ibadan, wani kuma ya haɗa Abuja da Kaduna, tsakaninsu babu sabon layi, na Kaduna zuwa Kano kuma ana kan aikinsa. Mai jari ya gina tasha, ɓangaren gwamnati bai cika ba, kaya kuma suna ci gaba da hawa tirela suna farfasa kwaltar da ake neman kuɗin gyarawa.

Ga hanyoyin da motocinsu ba za su iya mayar da jari ba, akwai tsarin da kamfani zai gina ya kuma kula da gyara, gwamnati ta riƙa biyansa kashi-kashi muddin hanyar tana da kyau, a zaftare masa idan rami ya wuce wa'adin da aka ɗiba ba a cike ba. Wannan ma bashi ne, kuma ya kamata a rubuta shi a matsayin bashi. Sukuk, wato takardar bashi ta tsarin Musulunci da gwamnati ta fara sayarwa a 2017 da naira biliyan 100, ya sami karɓuwa ne saboda an ambaci hanyoyin da za a yi da shi, mutane kuma suka ga allunansa a bakin titi.

Ranar da za a ce za a kafa shinge a hanyar Abuja zuwa Kano, ina fatan 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin direbobi za su nemi a wallafa yarjejeniyar tukuna, a kuma karanta ta da Hausa a rediyo: shekara nawa aka jinginar, nawa kowace mota za ta biya, da wane ma'auni za a yi ƙari, wa zai ƙirga motocin da suka wuce, kuma nawa gwamnati za ta biya kamfanin idan wata gwamnatin ta zo ta soke.