Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Yadda Guduma Ta Yi Mini Jarrabawa

Shekara 11 ina tsayawa gaban allo ina koya wa ɗalibai abin da jiki ke yi idan ya ji rauni. Ran wata Asabar sai guduma ta ce bari ta gwada ni a aikace.

Kanta ce kawai zan kafa a bango. Uwargida ta ce, "Malam, a kira kafinta mana." Na ce ƙusa huɗu ce za a tayar wa kafinta da hankali a kai? Na riƙe ƙusa da hagu, na ɗaga guduma, na sauke da iya ƙarfina. Ƙusa tana nan ƙalau, ko gezau ba ta yi ba. Babban yatsana ne ya karɓi saƙon. Da na fizge hannu kuma sai katakon ya yi mini rakiya, ya tsaga gefen yatsan ya bar mini sartse a ciki.

Zafin bai zo gaba ɗaya ba, kuma na san dalili. Jijiyoyin da ke kai labarin ciwo iri biyu ne. Masu sauri suna gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, su ke kawo wannan tsinin na farko, tsit, kamar sukar allura. Masu nawa ba su wuce mita 2 a daƙiƙa, su ke ɗauko raɗaɗin gaske. Tsakanin isowar na farko da na biyu akwai wata 'yar tazara da mutum ke tsayawa yana kallon yatsa yana cewa, "Ashe ma ba komai." Ban rufe baki ba na biyun ya iso. Yarana sun ce ba su taɓa sanin na iya rawa ba sai ranar.

Jini ya ɓalle. A ka'ida abin da ake yi ba wuya: a sa ƙyalle mai tsabta a danne wurin minti 10 cur, ba leƙe. Jiki ya riga ya fara nasa aikin. Ƙananan hanyoyin jinin da suka yanke suna tsukewa nan take, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu toshe rauni su taru su manne a bakin tsagar, sannan wani zare mai suna fibrin ya saƙa raga a kansu ya ɗaure. Toshiyar farkon nan ba ta da ƙwari, ɗaga ƙyalle kaɗai ya isa ya yage ta. Na faɗa wa ɗalibai haka ya fi a ƙirga. Ni kuwa duk bayan rabin minti sai na ɗaga in ga ko ya tsaya. Ina ɗagawa yana dawowa. Aikin minti 10 ya ci mana kusan rabin awa.

Ina cikin haka na laluba akwatin magani na haɗiye asfirin. Sai da ya wuce maƙogwaro na tuna cewa asfirin yana kashe wa ƙwayoyin toshe raunin nan ƙarfin mannewa, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa har ta gama kwanakinta, wato kwana 7 zuwa 10. Farasitamol ya kamata in sha, yana nan kusa da shi a akwatin yana kallona.

Uwargida ta kawo ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Ita da ba ta taɓa shiga ajina ba ta san ba a ɗora ƙanƙara tsirara a fata, kuma minti 15 zuwa 20 ake yi a ɗaga. Ta ce in daina yarfa hannun, in ɗaga shi sama da ƙirji don jini ya rage taruwa. Haka na wuni ina zagaya gida da hannu a sama kamar ɗalibin da ya san amsa malami ya ƙi kiransa.

Kafin magariba yatsa ya cika sharuɗɗa duka. Wani Barume mai suna Selsus ya lissafa alamu huɗu tun ƙarni na 1: ja, kumburi, ɗumi, da zafi. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓa ta ƙi aiki, wadda na tabbatar lokacin da na zo ɓalle maɓallin riga. Duk biyar ɗin tushensu ɗaya. Wasu ƙwayoyi da ke zaune cikin nama suna fashewa da sinadarin histamin, shi kuma ya buɗe hanyoyin jini, jini mai ɗumi ya kwararo, ga ja ga ɗumi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa mai ɗauke da furotin ya tsiyayo cikin nama, ga kumburi. Wasu sinadaran, irin su burostagilandin da biradikinin, su kuma su tsokano jijiyoyi har iska in ta taɓa wurin sai ka ji. Mutane na ɗaukar kumburin nan shi ne cutar. A'a, ma'aikatan gyara ne suka tare hanya suna sauke kaya. Sai dai ba su neman izinin mai gida, kuma ba su san dare ba.

Daren nan ban runtsa ba. Jini ya taru ƙarƙashin farce, farce kuma ba ya miƙewa kamar fata, saboda haka duk bugun zuciya sai ya matse jijiyoyin da ke ƙasa. Zut, zut, zut. Na ƙirga bugun zuciyata ba tare da na taɓa wuyan hannu ba, 84 a minti. Maganin wannan a asibiti ɗan ƙaramin aiki ne: a huda farcen da abu mai tsabta jinin ya fita, zogi ya sauka nan take. Amma sai cikin kwana biyun farko, kafin jinin ya daskare. Na ce da safe zan je. Da safe na ce ai ya yi sauƙi.

Sartsen fa? Na ga kansa, na ja da farce, ya karye, na ce ya fita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1882 wani masani ɗan Rasha, Mecinikof, yana birnin Mesina a Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya duba da madubin likita ya ga ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi suna neman cinye ta. Binciken da ya biyo bayan wannan ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908. Ni ma gwajin nan na maimaita a yatsana, ba wanda ya ba ni ko sannu.

Fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isowa, cikin awa 6 zuwa 24, sojojin gaba ne: su haɗiye ƙwayoyin cuta, su mutu a wurin. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu sai manyan masu shara su iso su kwashe gawarwaki. Amma katako ya fi ƙarfin cikinsu, kuma ya shigo da ƙwayoyin cuta a jikinsa. Sai faɗa ya ƙi ƙarewa, gawarwakin suka yi ta taruwa. Wannan tarin shi ne mugunya. Rana ta huɗu gefen yatsana ya yi fari ya yi tsini. Na ɗauko fil, ban ko wanke shi ba, na tona, sannan na matse, alhali na san matsi yana iya tura ƙwayoyin cuta cikin naman da ke lafiya. Washegari kaluluwa ta fito mini a hammata, ma'aunin zafi ya nuna 38.2.

"Malam," in ji uwargida, "in ɗalibinka ne ya yi haka, maki nawa za ka ba shi?"

Na sa takalmi.

A asibiti ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaga labule ta tsaya, ta rusuna. "Malam! Ina wuni? Ba ka gane ni ba? Ajinka na yi." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta juya yatsan a hankali, ta duba hannuna har gwiwa tana neman jan layin da ke nuna ciwon ya bi hanyar kaluluwa ya hau sama. Ta yi sa'a, ko in ce na yi sa'a, babu. Ta sa allurar kashe zafi a gindin yatsa, aka tsaga, mugunya ta fita, ta sa hantsaki ta zaro sartsen. Bai kai rabin santimita ba. Ta ɗora shi a kan auduga ta miƙo mini kamar shaida a kotu.

"Malam, kai ka ce mana muddin baƙon abu na cikin rauni ba zai rufe ba."

Na ce haka ne.

"Yaushe rabonka da allurar tetanus?"

Na dubi silin. Ta ce, "Duk shekara 10 ne, in raunin mai datti ne kuma ya wuce 5 a sake. Shi ma kai ka faɗa." Ta naɗe mini hannun riga da ladabi, ta caka.

Daga nan jiki ya samu sarari. Cikin 'yan kwanaki jan nama mai ɗigo-ɗigo ya cike ramin, sababbin hanyoyin jini ne da ƙwayoyin da ke saƙa zaren kolajin. Ɓawo ya rufe, ƙaiƙayi ya taso, uwargida ta ce in ta ga na ɓanɓare zai zama ni da ita. Tabon da ya rage, ko bayan wata uku, ƙarfinsa ba ya wuce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na fatar asali. Farcen ya yi baƙi ƙirin, ya ɗaga, ya faɗi a mako na biyar cikin aljihuna ina laluben makulli. Sabon yana tafiyar hawainiya, wajen milimita 3 a wata, sai da ya kusa cin wata shida kafin ya kai baki.

Kafinta ya zo ran Litinin ya kafa kantar cikin minti 10. Yana tattara kayansa ya kalli bandejin, ya kalli gudumata, ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin me kake yi ne?" Na ce masa ina ɗan taɓa koyarwa.