Yabon da Ke Hana Mu Ci Gaba

Ranar Talatar da ta wuce aka haska aikina a gaban mutum goma sha huɗu, kuma har yanzu abin yana cina a rai.

A kamfanin zanen katun da nake aiki a nan Faransa, kowace safiya ana taruwa a wani ɗaki mai duhu, ba ko taga, kujeru layi uku, ga ƙaton allo a gaba. Kowa da ɗan littafinsa a cinya. Ana saka abin da kowa ya yi jiya, an gama ko ba a gama ba. Nawa sakan huɗu ne kacal: mutum ya sunkuya ya ɗauki akwati. Sakan ɗaya na fim hoto 24 ne, ke nan hoto 96 na kwana biyar ina fama da su. Shugabar sashenmu ta sa aka maimaita sau uku, sannan ta riƙa bin sa hoto ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na 31 sai ta tsaya, ta ce akwatin nan ba shi da nauyi. Mutumin ya miƙe kamar wanda ya ɗauki kwalin da ba komai ciki, ƙugunsa bai ja baya ba, gwiwarsa ba ta karɓi kayan ba. Ta ce in cika jaka da littattafai, in ɗauki kaina a waya ina ɗaga ta, in kalla.

Raina ya sosu. Amma wanda aka haska bayana shi ya sanyaya min jiki. Dattijo ne mai furfura, yana sana'ar tun ana zana kowane hoto a takarda. Wata yarinya sa'ar 'yarsa ta ce yaron da ya zana ya makara wajen ƙifta ido, kamata ya yi ƙiftawar ta zo yayin da kai ke juyawa. Ya ciro biro ya rubuta, ya ce ta yi gaskiya. Da yamma na wuce teburinsa, na tarar da shi gaban ɗan madubi yana juya kai yana ƙifta ido, ya sake, ya kuma sakewa.

Ku kun san yadda muke yi a gida. Ka saka aiki a Facebook, sai ruwan "sai kai", "gwani na gwanaye". Shekara huɗu na yi ina shan wannan yabo, alhali duk mutumin da na zana yana tafiya ƙafarsa sulɓewa take a ƙasa, ba wanda ya ce min uffan. Wanda ya gani ya yi kara, gudun kada a ce hassada ce. Na ƙasa kuwa ina ya ga bakin gyara wa na sama?

Na san za a ce ba mu da makaranta irin Gobelins ta Paris, ba mu da bikin fina-finan katun irin na garin Annecy da ake yi tun 1960. Haka ne. Ban kuma manta ba, yabon nan ne ya riƙe ni lokacin da sana'ar ba ta kawo ko sisi. To amma Blender, manhajar kwamfuta da ake yin katun da ita, kyauta ce ga kowa, darasin farko kuma, na ƙwallo mai tsalle, ko a gefen takarda ana yin sa. Mutumin da zai tsayar da hoto na 31 ne muka rasa. Daɗin yabo kafin dare ya gushe, gyara kuwa da shi nake kwana, shi ke tashina da safe don na san abin da zan taɓa.

Ga inda na tsaya cak. Wani ƙanena a sana'a ya turo min aikinsa daga gida, ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Ƙafar tana sulɓewa, irin tawa ta da sak. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Tsoro nake ji kada ya ce na je Turai na fara raina su. Shi ne ke kirana duk ƙarshen mako mu yi hira har cajin waya ya ƙare, kuma a duk garin nan ba mai ce min Yaya. Na rubuta masa cewa ya duba daga hoto na 12 zuwa na 18, ya kafe diddigen a wuri ɗaya har sai ɗaya ƙafar ta sauka. Saƙon yana nan a wayata, ban tura ba tukuna.