Tazargade da zancen antiyoksidan

Yanzu duk mai tallar ganyen Sin sai ka ji ya ce cike yake da antiyoksidan (sinadaran da ke kashe wasu abubuwa masu ɓarna a cikin jiki), shi ya sa yake maganin kowace cuta. Hujjarsu ba ta wuce ta zazzaɓin cizon sauro: ai daga ganyen Sinawa aka samo maganinsa. Wannan ɓangaren gaskiya ne. A 1972 wata masaniyar kimiyya 'yar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka ciro sinadarin atemisinin daga tazargade, bayan ta bi bayanin wani tsohon littafin likitancin Sin, har ta samu kyautar Nobel a 2015.

Sai dai atemisinin ba aikin antiyoksidan yake yi ba, akasinsa ma yake yi. Idan ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ƙwayar cutar ta tara daga jinin da ta ci, sai ya saki irin abubuwan nan masu ɓarna da antiyoksidan ke kashewa, su ne ke hallaka ta.

Kuma Coartem, maganin zazzaɓin da aka samo daga atemisinin, da ake ba mara lafiya a asibiti an auna shi, an haɗa shi da wani magani na biyu. Shayin ganyen tazargade kuwa ƙarfinsa yakan bambanta daga gona zuwa gona, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi jinyar zazzaɓin da shi ba.