Haruffan Jawi ba sa musuluntar da kowa

Shekarar 2020 ta shigo wa Malesiya da labarai biyu a mako guda. Ranar 1 ga Janairu jihar Pahang ta fara tilasta wa 'yan kasuwa sanya rubutun Jawi a allunan shagunansu. Washegari ministan ilimi na tarayya, Maszlee Malik, ya ajiye aiki, kuma da bakinsa ya lissafa rigimar Jawi cikin abubuwan da aka ce ya jawo wa gwamnati. Duk wanda ya bi maganar tun Agustan 2019 ya san abin da ake faɗa a kansa bai taka kara ya karya ba. Shafi shida ne na koyar da Jawi a littafin harshen Malay na 'yan aji huɗu a firamare, littafin da ya haura shafi 160. Da aka yi ca, gwamnati ta rage su zuwa uku, ta ce babu jarrabawa a kansu, sannan ta ƙara da cewa a makarantun Sinawa da na 'yan Tamil, 'yan asalin Indiya, ba za a koyar da su ba sai iyaye sun amince. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya ba ni haushi. Rubutun da aka rubuta takardar shelar 'yancin ƙasar da shi, wadda firaministan ƙasar na farko, Tunku Abdul Rahman, ya karanta ranar 31 ga Agustan 1957, shi ne aka kai gaban ƙuri'ar iyaye makaranta-makaranta, a ji ko yara za su san da zamansa.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan Jawi, domin ajamin Malayawa ne. Sun ɗauki baƙaƙen Larabci, inda harshensu ke da sautin da Larabci ba shi da shi sai suka yi dabara da ɗigo. Fa mai ɗigo uku ta zama "p", ainu mai ɗigo uku ya zama "ng", jimu mai ɗigo uku ya zama "c", kafu da ɗigo guda a ka ya zama "g". Haka malamanmu suka ɗora wa ɗa ɗigo uku suka samu "ts". Mafi daɗewar shaidar wannan rubutu da ake ji da ita wani dutse ne da aka tsinta a Kuala Berang a jihar Terengganu, wanda akasarin masana ke cewa an sassaƙa shi a 702 bayan Hijira, wato 1303. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2009. Abin da ke jikinsa shelar Musulunci ce da hukunce-hukuncen sarki, kuma babu mai musun cewa da Musulunci haruffan suka iso. Amma daga 1303 zuwa yau shekara 700 ne da ɗoriya, kuma masu adawa so suke mu tsallake duk abin da aka rubuta a tsakani.

Hujjar ƙungiyoyin Dong Zong da Jiao Zong, masu kula da makarantun Sinawa da malamansu, ita ce shafukan nan ƙofa ce ta musuluntar da 'ya'yansu a hankali. Sun tara sa hannu, sun kira babban taro a Kajang ranar 28 ga Disamban 2019, har sai da 'yan sanda suka karɓo umarnin kotu aka hana shi. Hana taron kuskure ne, domin ba a rufe bakin mutum da takardar kotu a ce an gamsar da shi. Sai dai hujjar kanta ba ta da ƙafar tsayawa, kuma tarihin yankin ne da kansa ke karyata ta.

Mafi tsufan wasiƙun harshen Malay da suka rage a duniya an rubuta su ne da Jawi a 1521 da 1522, daga fadar sarkin Ternate zuwa ga sarkin Fotugal, Kirista ɗan Katolika, kuma suna ajiye a Lisbon har yau. Francis Light, Baturen da ya kafa wa Ingila sansani a tsibirin Penang a 1786, da Jawi yake wasiƙa da sarakuna da fatake. Wasiƙunsa sama da dubu suna wata jami'a a Landan, maganarsu shinkafa ce da kuza da bashi da jiragen ruwa. A 1758, a Batavia, wadda ita ce Jakarta ta yau, Turawan Holan sun buga Littafi Mai Tsarki na Kirista gaba ɗayansa da Jawi, domin shi ne rubutun da masu karatu suka iya. Kuɗin takarda na zamanin Ingilishi na ɗauke da Jawi. A shekarun 1950 mujallun fina-finai da waƙoƙin soyayya da tallan magani, har da tallan giya, duk da Jawi ake buga su. Ko a yau, ɗan Sin mai shago a Ipoh da ke ƙirga cinikinsa da yamma, kowace takardar ringgit da ya lasa yatsa ya juya tana da sunan babban bankin ƙasar da Jawi a bayanta. Tambarin ƙasa da ke jikin fasfonsa ma haka. Ba a taɓa jin wanda ya yi kalmar shahada saboda ya ƙirga canji ba.

Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba sa son a ambata. Malesiya na da makarantun firamare na Sinawa fiye da 1,200, kuma dubban iyaye Malayawa Musulmi na kai 'ya'yansu can da kansu, don suna ganin an fi koyar da lissafi da tarbiyya. Yaran nan suna shafe shekara shida suna haddace haruffan Sinanci, su tashi suna sallarsu. Idan haruffan Sinanci na shekara shida ba su mayar da Ahmad mai bin addinin Buddha ba, ta yaya shafi uku za su mayar da ɗan ajinsu Musulmi?

Wanda ya fi ɓata mini rai ma ba shi ne uban da ke tsoro ba. Shi ne ɗan bokon Kuala Lumpur da ke cewa a bar kowa a kan Rumi, wato bokonsu, tun da shi ne rubutun da ba na kowa ba. Wa ya ce ba na kowa ba ne? Ƙa'idar rubuta Malay da haruffan Turawa a Indonesiya wani jami'in Holan ne, Van Ophuijsen, ya tsara ta a 1901. A ɓangaren Ingilishi kuma R. J. Wilkinson ne, jami'in ilimi na mulkin mallaka, a 1904. Sun yi ne don akawu da ɗan sanda da mai karɓar haraji su rubuta abin da Bature zai iya dubawa. Mu ma mun san wannan hanya, domin a 1912 Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, da manufar da ba ta yi nisa da waccan ba. Rubutun da ya zo a jakar gwamna an wanke shi ya zama na kowa, wanda kakanni suka yi ƙarni shida suna ciniki da soyayya da shari'a da shi kuma ya zama na ɓangare. Wannan ita ce babbar nasarar mulkin mallaka a ƙasar, kuma 'ya'yan ƙasar ne ke gadinta kyauta.

Za a ce Rumi ya fi sauƙin bugawa, ya fi nuna wasula, ya kuma haɗa Malesiya da Indonesiya a kan ƙa'ida ɗaya tun 1972. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a kore shi, don haka wannan amsa ce ga tambayar da ba a yi ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Masu ihun kare Jawi su ne suka yi wa abokan hamayyarsu shimfiɗa. Ba Sinawa ba ne suka zauna a babban taron harshe da adabin Malay na 1956 suka zaɓi Rumi, marubuta Malayawa ne. Ba Sinawa ba ne suka sa a dokar harshen ƙasa ta shekarun 1960 cewa Rumi ne rubutun hukuma, Jawi kuma ba a hana ba kawai. Jaridar Utusan Melayu, wadda aka kafa a Singafo a 1939 da Jawi, a shekarar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya da boko, ita ce muryar masu neman 'yanci, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Yusof Ishak, shi ne ya zama shugaban ƙasar Singafo na farko. Ta yi ta ƙanƙancewa har ta daina fita a matsayin jarida mai zaman kanta a 2006, saboda jikokin masu karanta ta ba sa saye. Ba Dong Zong ce ta hana su saye ba. Laifi tudu ne.

Mafi muni shi ne inda gwamnati ta ajiye Jawi a makarantun ƙasa. Yaro Bamalaye yana haɗuwa da shi ne a darasin addinin Musulunci. Shirin da aka ƙaddamar a 2005, zamanin firaminista Abdullah Badawi, ya ɗaure Jawi a dami ɗaya da karatun Alƙur'ani da Larabci da farillan ibada. Idan malamin addini ya shigo aji, yara waɗanda ba Musulmi ba sukan tashi su tafi darasin tarbiyya, su bar Jawi a baya tare da alwala da tahiya. An yi shekaru ana nuna wa ɗan Sin da ɗan Indiya cewa waɗannan haruffa na masallaci ne, ba ruwansu da su. Rana ɗaya kuma aka wayi gari ana ce musu gadon kowa ne. Ko sunan da ma'aikatar ta fara sa wa shafukan, khat, wato zanen rubutu irin na ƙawata ayoyi, shi kansa ya isa ya ɗaga hankali, kuma sai da wuta ta kama aka canza shi.

Tsoron iyayen ma yana da asali, ko da yake ya sauka a inda bai dace ba. Tsarin mulkin ƙasar a sashe na 160 ya ce Bamalaye shi ne Musulmi mai magana da Malay mai bin al'adar Malay, don haka duk abin da aka kira na Malay, ɗan Sin yana jin ƙanshin addini a ciki. Tun rahoton Barnes na 1951, rahoton 'yan mulkin mallaka kan ilimi, ake neman rufe makarantunsu. A 1987 rigima kan tura shugabannin da ba su yi karatun Sinanci ba zuwa makarantun ta ƙare da kame mutum sama da 100 ba tare da shari'a ba. Ga kuma tabon rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969 da ba a gama warkewa ba. Jama'ar da ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa, wadda ta ga wannan duka, dole ta riƙa tsorata da inuwa. Aikin shugabanni shi ne su raba mata inuwa da dodo. Shugabannin Dong Zong sun san tarihin Jawi sarai, sun zaɓi su ci riba da tsoron.

Dokar Pahang kuwa ita ce irin gatan da ke kashe abu. A tilasta wa mai sayar da taya ya biya mai zane ya rubuta masa abin da shi bai iya karantawa ba, mai zanen ma wataƙila kwafa ya yi daga waya, jami'in da zai zo duba lasisi kuma girman haruffan kawai zai auna. Jihohin Kelantan da Terengganu sun daɗe da irin waɗannan alluna, ƙasar Burunai ma haka, amma allo ba ya haifar da mai karatu. Ɗan siyasar da ke bugun ƙirji a kan Jawi a dandalin kamfe, a miƙa masa shafi ɗaya na jaridar 1950 a ce ya karanta a bainar jama'a, sai a ga zufa. Jawi a hannun irin waɗannan ya zama rigar sallah, a ciro ta daga akwati ranar taro, a mayar da yamma.

Mu a nan mun ga irin wannan fim. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta fito babu shi. Masu murna suka ce an cire Larabci da addini daga kuɗin ƙasa, alhali abin da ke rubuce Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kawai take faɗa wa ɗan kasuwar da bai yi boko ba. Masu fushi kuma da yawansu ba su taɓa rubuta wa kowa wasiƙa da ajami ba, kuma ba su nemi a sa shi a darasin Hausa na firamare ba.

Abin yi a Malesiya ba boyayye ba ne. A ciro Jawi daga hannun malamin addini a mayar da shi darasin harshe da tarihi, a fara da 'ya'yan Malayawa kansu, a koyar da shi da wasiƙun fatake da tsofaffin tallace-tallace da kanun jaridun 1957. A kawo misalan haruffan Sinanci da na Tamil da suka rayu a ƙasar a sa a littafi ɗaya, kowa ya ga hannun kakan maƙwabcinsa. Sannan a daina tambayar iyaye izini a kan tarihin ƙasa.

Bayan tafiyar Maszlee a Janairun 2020, firaministan lokacin, Mahathir Mohamad, ne da kansa ya riƙe ma'aikatar ilimi, yana da shekara 94. Shi ne ya kira Dong Zong masu wariyar launin fata a watan Agustan 2019. Shi ne kuma ya riƙe wannan ma'aikata daga 1974, ya yi firaminista shekara 22 daga 1981, kuma a tsawon waɗannan shekaru ne Jawi ya ƙarasa komawa lungun darasin addini yana kallo. Ikon ciro shi daga can yana kan teburinsa a lokacin, kuma wannan ba ya bukatar amincewar iyayen kowace makarantar Sinawa.